Hannun Leander

Rijiyar mai a cikin teku, kudu da Fourchon
Talata, Oktoba 1978

Zuwa ga matata Odile,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kina lafiya, ke da Renée da ƙaninta. Yaya ƙafar Mama? Ki gaishe min ita, ki ce ta bar hawa tsani tana tsinkar lemo, ga jikoki nan birjik. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ba zan dawo ranar Alhamis ba. An ce in zarce da wasu mako biyun saboda ma'aikata sun yi ƙaranci.

Dalilin ba shi da daɗi. Kin san Leander Billiot, dattijon nan mutumin Dulac da ya koya min aikin bututu. Ranar Asabar muna ɗaura bututu injin ya juya da hannunsa a ciki. Na dama. Ba zan kwatanta miki ba. Da rigata na naɗe shi kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso. Yayanki Clovis ne a kan birki, wato shi ke sarrafa injin, ni kuma ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da Leander.

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni sukuni. Jiya Mista Stokes, shugaban rijiyar, ya kira ni ofishinsa. Mutumin da bai taɓa faɗin sunana daidai ba, sai ga shi yana zuba min kofi da hannunsa. Wai daga yau ni ne mai hasumiya, wato mai karɓar bututu a can saman rijiya. Kin dai san yadda ake hawa a aikin nan. Lebura zai daɗe yana kankare tsatsa da shafa fenti a kan dala biyar a awa, sannan a kai shi wurin bututu a ƙara masa ɗaya. Sai ya sha wuya a nan kafin ya ga hasumiya da dala bakwai da rabinta. Daga ita sai birki. Ni ko shekara ban cika a wurin bututu ba, kuma akwai mutum biyu a gabana.

Na tambaya ina mai hasumiyar da muke da shi. Wai an mai da shi wata rijiya can gefen Texas, da ƙarin girma. Shi ma fa daga sama ya ga abin da na gani.

Ban ce a'a ba, don na tuna rufin gidanmu da ke yoyo. Amma raina bai kwanta ba. Ki sumbatar min yara.

Mijinki,
Ovide

Jumma'a

Odile,

Ina gaishe ki da kyau. Da fatan zazzaɓin yaron ya sauka, kuma Mama na samun sauƙi.

Jirgin ruwan da ya tafi da wasiƙata shi ya sauke taki, sun yi saɓani ke nan. Na karanta, na sake karantawa. Kin ce, "Barka da hasumiya. Ka riƙe ta da kyau, kada ka sa baki a abin da ba ruwanka." Odile, ranar Lahadi kika rubuta wannan. Ni sai Litinin aka faɗa min. Wa ya gaya miki? Waya ɗaya ce a duk rijiyar nan, tana ofishin Stokes, kuma Clovis na cikin masu shiga ba sallama. Sannan mene ne abin da ba ruwana? Lokacin ai ban ba ki labarin komai ba.

Ba ni kaɗai ke wannan lissafin ba. Na shiga ɗakin cin abinci, kuku ya ɗaga ludayi ya ce, "A ba da hanya, ga mai hasumiya! A ƙara masa nama, surukin manya ne." Wani daga cikin waɗanda na tsallake ya ce, "Kai Ovide, Clovis ba shi da wata ƙanwar ne? Ko gurguwa ce ina so." Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma na tashi na bar wake da shinkafar nan a faranti.

Bayan an tashi Clovis ya same ni a bakin dandamali ya miƙo min sigari. Ya ce, "Litinin mutumin inshora zai zo. Kai dai ka ce idonka na kan bututu. Leander zai samu abin da zai samu."

Na ce, "In aka ce laifinsa ne fa, Yaya?"

Ya ce, "Yaushe ka zama lauyansa? Ka ji da bakin da kake ciyarwa."

To bari in gaya miki abin da na gani, tunda ban san me aka gaya miki ba. Leander ya ɗaga murya ya ce a dakata. Clovis ya ji, don na ga ya ɗago kai. Amma tun safe yake azalzalarmu, saboda kamfani na ba mai birki kyauta in ya zarce zurfin da aka yanka masa. Ban ce da gangan ya yi ba. Ya ɗauka Leander zai zare hannun da wuri kamar kullum. In aka rubuta cewa shi ya sa hannu inda bai kamata ba, diyyarsa ba za ta kai ko'ina ba, ga shi ba zai ƙara riƙe bututu ba, ko ragar jatan lande ba zai iya ja ba.

Akwai kuma wani abu. A saman hasumiya ni kaɗai ne a kan ɗan allo, da igiya a ƙugu. Ƙugiyar da ke ɗaga bututu ta fi motarmu nauyi, gaban fuskata take wucewa, kuma hannun Clovis ne ke riƙe da ita daga ƙasa. Jiya ta zo da gudun da sai da na ja da baya. Wataƙila haka take zuwa kullum, ni ne baƙo. Sai dai na rasa gane ko kyauta aka yi min da aikin nan ko kashedi.

Ki amsa min tambayata, don Allah.

Naki,
Ovide

Talata

Odile matata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da Mama. Jirgi ya zo jiya, na tsaya har aka gama rabon wasiƙu. Babu taki.

Mutumin inshora ya zo. Stokes ya zauna a gefe yana yanke farce, bai fita ba. Aka tambaye ni inda idona yake. Na ce a kan hannun Leander. Na faɗi duk abin da na rubuta miki, ban ƙara ba ban rage ba. Stokes ya ce, "Ka tabbata, yaro? Akwai ƙarar inji fa." Na ce na tabbata, yallaɓai.

Kafin in fito labari ya riga ni. Kuma lokacin aikinmu ya yi, za a zaro bututu gaba ɗaya daga rijiya, dole in hau. Ba zan ɓoye miki ba, na duba ƙullin igiyata ya fi a ƙirga. Na leƙo ƙasa, Clovis na tsaye hannunsa a kan birki, bai ɗago ba.

Odile, tunda nake ban taɓa ganin ya yi aiki a hankali kamar jiya ba. Duk zuwan da ƙugiyar za ta yi sai ta tsaya cak a gabana, ta jira in gama. Stokes ya fito yana ihu wai ana ɓata masa lokaci, Clovis ko kallonsa bai yi ba.

Da na sauko ya tare ni a gindin tsani, idanunsa jajur. Ya ce, "Ka kashe min aiki. Amma har ka yi zaton zan mai da ƙanwata gwauruwa? Allah wadaranka, Ovide."

Kunya ta kama ni, don na yi zaton. Duk da haka na ce, "Me ka gaya wa Odile a waya?"

Ya ce, "Matarka ce, ka tambaye ta."

Yau da safe aka sallame shi, ya bi jirgi. Ni kuma an karɓe hasumiyar, an miƙo min guduma da bokitin fenti. Na koma dala biyar, rufin gida sai ya ƙara haƙuri. Kuku ya zuba min nama biyu da rana.

An fasa ragowar zarcewar, za mu iso Fourchon ranar Alhamis da la'asar. Ki bar yara wurin Mama ki zo da mota ke kaɗai. Ina sonki kamar yadda kika sani, kuma na san Clovis jininki ne, ban ce ki ƙi shi ba. Amma kafin mu je gida za mu biya asibitin Houma mu duba Leander. Ina so ki ga hannun da idonki, sannan ki gaya min ko kin san da shi ranar da kika rubuta min barka.

Mijinki,
Ovide Cheramie