Tsagar Gidan Oyewole

Ibadan, 3 ga Maris

Yaya Folarin,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Bose. Mama tana gaishe ku.

Fitowar farko ta mujallarka ta labari cikin zane ta iso teburin da nake sayar da jarida a tasha ranar Litinin. Kafin azahar duk an saye, sai guda ɗaya da na ɗaure da zare saboda masu karatun tsaye. Direbobi sun bar lodi suna gardamar wa ya kashe direban cikin labarin. Wani kwandasta ya ce matar direban ce, aka ce masa, "Kai da ko budurwa ba ka da ita, rufe mana baki!"

Amma wani abu bai kwanta mini ba. Yadda ka zana gawar a bayan tasha, haka aka tsinci Alimi direba bara, kuma har yau ba a kama kowa ba. Sannan a shafin ƙarshe, inda ka nuna kuncin mai kisan kawai, ka yi masa tsaga huɗu a kwance, uku a tsaye. Yaya, kai a Legas ka tashi, fuskarka sumul. A nan tsaga suna ce. Wannan ta gidan Oyewole ce, kuma mutum ɗaya ke da ita a tasharmu, Baba Lasisi mai faci. Na ga mutane suna duba shafin, su ɗaga kai su dubi rumfarsa.

Ƙaninka,
Rasaki

Legas, 9 ga Maris

Rasaki,

Ya kasuwa? Ka gaida Mama. Wallahi ka ba ni dariya. Tsagar nan a wani tsohon hoto na gan ta, ta yi mini kyau, na kwafa. Labarin Alimi kuwa ai kai ka ba ni shi da Sallah, ka manta? In suna gardama, aiki ya yi kyau ke nan. Kada ka ce wa kowa komai. Mai kisan sai a fitowa ta shida.

Naka,
Folarin

Ibadan, 14 ga Maris

Yaya Folarin,

Ina gaisuwa. Mu dai ba lafiya ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mufu, ƙanin Alimi, ya zo da mutum biyar. Ya tsinke mujallar daga zaren, ya nufi rumfar Baba Lasisi, ya kara shafin a kuncinsa. Ya ce, "Tsoho, ƙirga da kanka." Baba ya ce, "Ɗana, ni ko karatu ban iya ba." Da ƙarfensa na cire taya suka fara dukansa. Ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Da ya faɗi suka hau shi da takalmi, jini har cikin kwanon ruwan da yake gwada tayoyi.

Na kutsa ina ihu cewa yayana ne ya ƙirƙira, ƙarya ce duka. Mufu ya juyo ya ce, "Mai jarida, yayanka ya gani da idonsa, shi ya sa ya ɓuya a Legas." Ya ba ni gwiwar hannu a baki, haƙorana biyu suka fita.

Baba yana asibiti, bai farfaɗo ba. Ni na ba ka labarin, na sani, kuma abin yana cina. Amma bakina ba ya tsayar da kowa. Ka zo ka faɗa musu da naka.

Ƙaninka,
Rasaki

Legas, 18 ga Maris

Rasaki ƙanina,

Sannu, sannu. Ya bakin? Zan hau motar farko ranar Asabar. Zan tsaya a tsakiyar tasha in faɗi gaskiya, in je in kwanta a ƙasa gaban Baba in nemi gafara.

Yayanka,
Folarin

Ibadan, 20 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka zo.

Baba Lasisi ya rasu jiya. Yanzu gida biyu ke nemanka. Mufu yana so ka zo ka yi masa shaida, 'ya'yan Baba kuwa ba magana suke so da kai ba. Sun tare ni suna tambayar unguwarku. Sun taka mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, ban faɗa ba. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ka ɗauke Anti Bose ku bar gidan nan yau.

Na buɗe tebur da safe. Mutum uku sun tambaye ni yaushe mujalla ta biyu za ta fito.

Allah ya tsare ka.
Rasaki