Muryar Baba a Wayar Inna

Treichville, 6 ga Mayu

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara, da duk mutanen Maraɗi? Ƙafarki ta daina kumburi? Mu nan jiki lafiya, rai ne dai a ɓace.

Wayar Inna ce ta mutu. Kin san a cikinta saƙonnin muryar marigayi Baba suke, waɗanda take saurara kullum bayan la'asar. Ran Talata wayar ta nemi a sabunta manhajarta, ni kuma sarkin iyayi na danna muna cikin gbaka, ƙaramar bas ɗin haya ta nan, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa. Abin ya sauko a lalace. Tun ranar, in an kunna sai tambari ya fito ya tsaya cak.

Na kai ta unguwar Adjamé, layin masu gyara na bayan Mairie, wato ofishin magajin gari, wurin wani Sadi. Yaya, teburinsa kaɗai ya isa ya tayar miki da zuciya. Ƙayar kifi da ragowar aceke, dambun rogon nan, a kan wayoyin mutane, ya lashe yatsunsa ya kama ta Inna. Ya haɗa ta da kwamfuta don ya zuba mata sabuwar manhajar, abin ya kai kashi arba'in da bakwai ya tsaya, har sau uku. Maƙwabcinsa ya gwada, arba'in da bakwai. Na ukunsu ma haka. Kowa da cika baki, wai wayar ce ta tsufa.

Sadi ya ce sai an goge komai. Na ce ko da wasa, na maimaita da Faransanci da Julanci, yaren 'yan kasuwar nan, don kada ya ce bai ji ba. Na bar masa ita na je sallar azahar, da na dawo na karɓe abata.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Gobe zan kai wa Abdulbaƙi, ɗan ƙanwar Baba, mai kula da kwamfutocin wani kamfani kusa da tashar jirgin ruwa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Haulatu

Treichville, 8 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Abdulbaƙi bai yi minti goma ba ya gano matsalar. Na ba shi kwafin fayil ɗin da Sadi ya sa mini a kile, wato filashi, ya gwada girmansa da na ainihi, ashe rabi ne. Ya ce haka suke yi a layin: mutum ɗaya ya sauke, sauran su yi ta kwafa a kile don kada su ƙona data, babu mai dubawa. Shaguna uku na zaga, ashe ruɓaɓɓen abu guda suke ta tura wa wayar. Ƙazanta har a cikin aiki!

Ya sauke sabo daga intanet ɗin ofishinsu, ya tabbatar ya cika, ya zuba. Wayar ta tashi, na yi hamdala da ƙarfi har aka juyo ana kallona.

Babu komai a ciki, Yaya. Ina sallah Sadi ya goge, bai ma faɗa mini ba. Abdulbaƙi ya ce da an bar ta, da ko saƙo ɗaya bai ɓata ba. Na koma Adjamé na zazzaga wa Sadi masifa, yana ta sakace haƙori, wai ai kowa haka yake yi.

Amma ƙyamar da nake ji ba tasa kaɗai ba ce, har da ta kaina. Baba ya turo mini saƙonni sun fi ɗari. Hausarsa mai tsawo ce, ni kuma sai in amsa da kalma biyu ta Faransanci, in goge don hotuna su sami wuri.

Inna ba ta san an goge ba tukuna, na ce mata tana wurin gyara. Don Allah ki duba wayarki, ko saƙon Baba guda ɗaya ne, ko tari kawai ya yi a ciki, ki turo. Jiya bayan la'asar na same ta zaune a inda ta saba, ta kara tafin hannu a kunne.

Ki gaida kowa.

Taki,
Haulatu