Kurmin da Gavril Ya Zana

Litinin, 4 ga Satumba
Na buɗe rumfa, na rufe. Wata ta taya cuku da rabin kuɗi na ce ta ɗauka. Ni Veturia, da ko surukata ban taɓa yi wa ragi ba.

Asabar, 9 ga Satumba
Dochia ta zo. Tun da mijina Gavril ya rasu ita ke kai yaran ƙungiyarsa daji gudun taswira, kowa da kamfas yana neman tutoci. Kyauta take yi, shekararta goma sha tara. Makaranta ta ce in ba ta yi kwas ɗin koci ba, daga sabuwar shekara ba mai ba ta ɗansa. Ƙaramar hukuma ta ce asusun matasa ya tafi gyaran filin ƙwallo.
"Gwaggo, da Kawu da me yake biya mana?"
Na ce da bakinsa, kamar kowane namiji. Na ba ta tuffa ta tafi.

Lahadi, 10 ga Satumba
Ruwa. Ban ci komai ba, ban ji yunwa ba.

Alhamis, 14 ga Satumba
Na san da me yake biya. Bayan tsohuwar mahaƙa akwai fili a ƙarƙashin itatuwa, naman kaza na tsirowa kamar an shuka. A garin nan mutum ya fi yarda ya faɗa maka asirin matarsa da ya nuna maka wurin tsintarsa. Da Gavril zai zana taswirar dajin, sai ya shafa wa filin kore shar, wai kurmi ne da ba ya ratsuwa. Shi ya tsinto, ni in sayar, rabi gida, rabi kwas ɗin yaransa.
Ban taka wurin ba bana. Takalmansa na nan bakin ƙofa.

Juma'a, 22 ga Satumba
Uwar Dochia ta samo mata aikin jinyar wata tsohuwa a Italiya. Na ce to. Me zan ce.

Lahadi, 24 ga Satumba
Gwiwata ba ta iya ɗaukar kwando, shi ya sa kawai. Na kira Dochia da Ionuț, dogon nan mai taya ta kafa tutoci. Na sa su rantse ba za su faɗa wa kowa ba, na shiga gaba zuwa filin naman kazan. Ban kai ga nuna kwana ba suka riga ni juyawa.
Ionuț ya yi dariya. "Haba Gwaggo, ko 'yan aji ɗaya sun san kurmin nan ƙarya ne. Kawu ya ce wanda ya ratsa, da kunnuwansa za a yi miya."
Shekara da shekaru suna kewayewa, ko a gasa, suna asarar lokaci. Bana ma da ba mai jan kunnen, ba sawun kowa.
Na zauna a kan kututture. Suka yi ta tsinta, ba wanda ya kalle ni. Yaran kirki.

Talata, 26 ga Satumba
Mai gidan abincin bakin gada ya taya kwandunan da arha, wai ai makoki nake. Na ce masa mijina ne ya mutu, ba lissafina ba. Ya biya har da kuɗin kwando. Dochia ta yi rajistar kwas ɗinta da kuɗin.
Ionuț ma badi zai isa kwas, ko da yake ba ruwana. Na gwada takalman. Da safa biyu suna yi.