Tsagar Allo

Dakoro, daren Laraba.

Kaina sarawa yake. Yau na mayar wa yara takardunsu na lissafi. Ajin kaf sun faɗi tambaya ta uku, har Rakiya da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na zazzage ta gaban kowa. Ta ce, "Mushe," kamar yadda suke kiran malami a nan, "wallahi abin da ke allo na kwafa."

Da aka tashi na je na duba. Ashe tsohuwar tsagar nan ce alli ya cike, ta zauna gaban bakwai tamkar alamar ragewa. Tun bara nake roƙon diraktan makaranta a liƙe ta da siminti.

Gobe zan ba Rakiya haƙuri, sannan in juya in ci gaba da rubutu a kan allon nan.