Fatalwar Allo Na Uku

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya ce in riƙa share masa shagon gem bayan makaranta. Na so in ƙi. Sai ga Dogo, wanda kullum ke tseren mota a allo na uku. Gashin idonsa sak na jarumin littafin da nake karantawa. Ko kallo ban ishe shi ba.

Laraba, 5 ga Maris
Yau Dogo ya ja tsaki, ya dubi Yaya. "Maigida, allon nan naka fatalwa gare shi." Da gaskiyarsa, motar na shan kwana sai wata jar inuwa ta biyo ta. Asabar suna da gasa. Da a ce ni ce zan kore masa ita...

Alhamis, 6 ga Maris
Na tambayi Mai Gyara, wanda ke duba wa Yaya allunan shagon. Ya ce, "Ƙanwata, hoton nan ɗigo-ɗigo ne. Kowane ɗigo sai ya ɗauki lokaci kafin ya sake launi. In ya yi nawa, mota ta wuce shi kuwa yana nan da jansa." Na ce ai a kwalin allon an rubuta ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ya yi dariya, wai kwali ba ya rantsuwa. Ya nuna min inda ake ƙara wa ɗigon sauri, mataki uku, sai aka kira shi a waya ya fice.

Juma'a, 7 ga Maris
Na kai saurin allo na uku matakin ƙarshe. Ba wanda ya gani. A littafi daga nan jarumi ke tambaya, wace ce?

Asabar, 8 ga Maris
Wayyo ni. Inuwar ta koma wani farin haske, ya zagaye motar har kwana ba ta ganuwa. Dogo ya zo na ƙarshe. Ya jefar da abin bugawa, ya ce wa Yaya, "Ka mayar da mu 'yan iska!" Yaya ya yi ta ba shi haƙuri kan laifin da bai sani ba. Ina bayan ƙofa rungume da tsintsiya.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban ci komai ba. Garin gyaran gira.

Talata, 11 ga Maris
Na faɗa wa Mai Gyara, da kuka. Wai in an matsa wa ɗigo sai ya zarce launin da ake so, ya dawo baya, shi ne hasken. Na mayar da shi matakin tsakiya. Saura 'yar inuwa kaɗan, sai mai neman ta. Amma kujerar Dogo ba kowa. Yaya har yanzu bai sani ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na faɗa wa Yaya. Sai ya ce, "To, Malama, duba min na biyar." Shi wannan allon a launin baƙi yake yin nawa, ba a ja ba, ban gane dalili ba tukuna.
Wai Dogo ya dawo ɗazu ina kan allo na biyar, har ya gaishe ni. Wallahi ban ji ba. Gajiya ce kawai.
Littafin yana shafi na casa'in tun Talata.