Kaffarar Garin Taba

Kagarawal, Gombe.

Ƙanwata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Shafi'u da yara. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba, kada ki yi fushi. Magana ce take yi mini zafi, shi ya sa na ɗauki biro, Bappayo direba zai kawo miki har Maiduguri. Wani farin tabo ne ya fito mini a cikin kunci, daidai inda nake ajiye garin taba. Na yi ta kurkure baki da ruwan gishiri, ya ƙi tafiya, sai maigidana Ba Zarami ya kai ni asibiti. Likitar, wata 'yar Tangale mai suna Millicent, ta haska da tocila ta daɗe tana kallo. Ta ce in ban bar taba ba, tabon nan zai iya zama cutar daji.

Kin san mijin nawa. Bara da ƙirji ya matsa masa ya bar sigari. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ya sayi filastar nan da ake mannawa a damtse, shi ke nan. Tun daga ranar babu wanda ya kai wankin hula shagonsa na unguwar Arawa bai sha labarin ba. To, muna dawowa gida ya sa na yi alwala, na dafa, na rantse ni ma. Ya manna mini filasta irin tasa. Wai maganin da ya yi wa namiji mai shan kwali guda a rana aiki, ɗan garin da tsohuwa take sa wa a baki ba zai gagare shi ba. Tsohuwa fa, Sadiƙa! Shi da gemunsa ya riga kaina fari.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Aisa

Kagarawal, Gombe.

Ƙanwata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya gida, yaya zafi? Na ga turaren wutan da kika aiko, Allah ya saka da alheri.

Na karya rantsuwa. Ba sau ɗaya ba kuma. Ba mu da halin ciyar da miskinai goma, don haka azumin kaffara nake yi, in na gama Ba Zarami ya sake ɗauko Alƙur'ani, in sake rantsewa, in sake karyawa. Maƙwabta sun ɗauka na zama waliyyiya, kullum bakina a bushe. Ni kuwa jiri nake gani in na sunkuya wanke-wanke. Wallahi na gaji.

Da safe ba na jin komai. Sai la'asar ta yi, gidan ya yi tsit, hannuna ya tafi gefen zani da kansa. Kin tuna wa ya fara ba ni? Iya ce, a hanyarmu ta gudun hijira daga Bama, da na kasa daina rawar jiki, ta buɗe ɗan gwangwaninta ta cusa mini a kunci. Tun lokacin duk sadda waɗancan kwanaki suka faɗo mini a rai, shi ne yake kwantar da ni. Ba Zarami ba ya jin wannan. A wurinsa raunin imani ne kawai, ya faɗa mini haka a gaban matar liman. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har na kasa cin abincin buɗa-baki.

Da muka koma asibiti ya fara kai ƙarata, likita Millicent ta bar shi ya gama. Sannan ta ce masana sun daɗe suna bincike, sun ga ƙwaƙwalwar namiji da ta mace ba hanya ɗaya suke kama taba ba. Maza da yawa sinadarin nikotin ɗin kansa ƙwaƙwalwarsu take nema, shi ya sa in filasta ta ba su shi sai su samu sauƙi. Mata kuwa sau da yawa ƙwaƙwalwa takan haɗa taba da kwanciyar hankali, da ƙamshinta, da lokacin da aka saba, don haka filasta ba ta cika yi musu aiki kamar maza ba, kuma damuwa ta fi saurin mayar da su. Ta ce yunwar da nake sha ma ƙara hura wutar take yi. Ta canja mini magani zuwa na haɗiya, ta ce in riƙa fita wajen mutane da la'asar.

Ba Zarami ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gane. Muna hawa keke ya ce ai ƙwaƙwalwa duk ɗaya Allah ya halitta. Ni dai ba ni da ƙarfin musu. A asibitin sun yanki ɗan naman wurin tabon za su gwada.

Ki gaishe da Shafi'u.

Yayarki,
Aisa

Kagarawal, Gombe.

Ƙanwata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya yara da makaranta?

Sakamako ya fito. Dajin ne, amma likita ta ce bai yi nisa ba. Za su yanke wurin bayan sati mai zuwa, kuma zan daɗe ban yi magana sosai ba. Ki zo in da hali, ina son in gan ki kusa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Maganin haɗiyan ya ɗan taimaka. Da la'asar ina zuwa gidan Suwaibatu maƙwabciyata muna ɓarar gyaɗa. Wata rana in ci nasara, wata rana in faɗi. Na daina rantsuwa, na ce masa ba zan ƙara wasa da littafin Allah ba, ya yi ta faɗa ya gaji.

Ranar da aka faɗa mana sakamakon, sai ya zaunar da ni a benci, ya ce zai je karɓo magani. Ya daɗe. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya sunkuyo zai ɗaga ni, sai na ji warin sigari a babbar rigarsa, sabo, ga ɗan goro yana tauna don ya rufe. Sadiƙa, na so in yi masa dariya, na so in tuna masa raunin imani. Sai na ji yadda ya riƙe damtsena gam, na kasa.

Har yau bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ɗazu ya ce kada a sa masa abincin rana gobe, wai ba ya jin daɗin cikinsa. Na jiƙa masa gero, zan dama masa kunun sahur.

Ki gaishe da mutanen gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Aisa