Takalmin Ƙanƙarar Kaka Orfelina

Gonar tumaki, kusa da Porvenir
12 ga Yuni, 1994

Zuwa ga amaryata, Kaka Orfelina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai ƙarasa miki sauran haƙoran nan uku ba. Ni lafiya lau, sai warin tumaki.

Direban motar kayan abinci ya kawo mini labari, na yi dariya har shayin mate ya sarƙe ni. Wai an gan ki a tafkin da ya daskare tare da gungun tsofaffi, kina tura kujerar kicin a kan ƙanƙara kamar mai tallan wake! Shekara saba'in da ɗaya, tsohuwa! Da na ciro takalman nan na sulu a kan ƙanƙara daga akwatin kakana marigayi Tata Eleodoro, na ce miki shi ya saya miki ya ɓoye, na ɗauka a bango za ki rataye su. Ashe amarci za ki sake. In kin faɗi, ki faɗo kan jagoranku Don Lisandro, ya fi ki tsoka.

Mijinki na gaskiya,
Nibaldo

Punta Arenas
3 ga Yuli

Nibaldo,

Bayan gaisuwa. Ni na karanta wa Mama takardarka, tunda ka san idonta ba ya ganin rubutu, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

Ranar Talata aka binne Doña Clorinda, ɗaya daga cikin tsofaffin nan. A tafkin ta faɗi, ƙugunta ya karye, kwana tara ta yi a asibiti. Washegarin jana'iza kakarka ta ɗauki takalmanta ta koma. Yanzu ma ta daina riƙe kujerar. Kullum da safe Don Lisandro zai huda ƙanƙarar ya zura hannu, in kaurinta ya kai taƙi ɗaya sai ya ɗaga musu hula, su bi shi ɗuu kamar agwagi. Wannan ne duk tsaronsu.

Na yi faɗa, na yi kuka. Amsarta ɗaya ce: "Ubanki ne ya bar mini su. Je ki kabarinsa ki hana shi."

To jiya na je wurin mai sayar da kayan gwanjo, ya tambaye ni ko takalman da yaronmu ya saya sun yi wa tsohuwa daidai. Ka ji kunya, Nibaldo. Har da mamaci a wasanka. Ka rubuto mata gaskiya da hannunka, don ni ba za ta yarda da ni ba. In ta mutu a tafkin nan, kai ne.

Goggonka,
Edelmira

Gonar tumaki
15 ga Yuli

Kaka,

Ina gaishe ki. Yau babu tsokana, kwana uku ina yaga takarda, kin san ni da rubutu ba mu daɗe tare ba.

Takalman nan ba Tata ne ya saya ba. Ni ne. Na goga musu toka don su tsufa, na cusa su ƙarƙashin rigunansa. So nake in ga fuskarki, in yi ta tsokanarki da shi har Kirsimeti. Da kika rungume su kika shige ɗaki sai na kasa cewa wasa ne.

Don Allah ki bar zuwa tafkin. Ba ni da wata matar sai ke, kuma wa zai so ni da warin nan? Ki yafe mini.

Jikanki,
Nibaldo

Punta Arenas
9 ga Agusta

Nibaldo,

Bayan gaisuwa. Na karanta mata, sau biyu, a gaban Don Lisandro. Ta miƙo mini takalman da kanta, na kulle su.

Ban san yadda zan faɗa maka sauran ba. Mako uku ke nan tana zaune gaban murhu. Tsofaffin suna biyowa da safe su ƙwanƙwasa taga, ba ta ko juyawa. Miyar da take shanye kwano biyu in ta dawo daga tafki, yanzu cokali huɗu ne. Ƙafafunta sun kumbura. Shekaranjiya na same ta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, tun safe take nan, murhu ya mutu. A ɗakinta, Nibaldo, inda babu ƙanƙara ko kaɗan.

Likita ya ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba. Ni ina aiki, ga yara. Na samo mata wuri a gidan tsofaffi na mata masu zuhudu na coci, ƙarshen wata za ta koma. Kada ka ce komai. Na san abin da za ka ce, ni ma ina faɗa wa kaina.

Goggonka,
Edelmira

Punta Arenas
27 ga Agusta

Ɗan banza mijina,

Ina gaishe ka. Lisandro ke rubuta mini, shi ya sa ka ga layin ya karkace.

Kai kana ganin ka yaudare ni? Shekara arba'in da tara na zauna da Eleodoro, ko safa bai taɓa saya mini ba. Tun a ranar na sani. Abin da ya sa ni kuka, na ga akwai wanda ya san girman ƙafata.

Amma muddin sunan ubanta na kan takalman nan, Edelmira ba ta isa ta taɓa su ba. Da shi nake fita ƙofa kowace safiya. Duk ƙaryar da ka yi tun kana rarrafe, wannan kaɗai ta yi wa wani amfani, ita ce kuma ka ga dama ka tuba a kanta.

Na yafe maka. Jibi za su zo ɗaukata. An ce tagar ɗakin tana kallon bango.

Ka riƙa sa hula.

Kakarka,
Orfelina